Jaz da na'ura: wa ke sauraron wani a cikinsu?

Duk wanda ya taɓa buɗe irin jerin kiɗe-kiɗen nan da ake tarawa a Spotify ko YouTube da sunan jaz mai sanyi, na karatu ko na barci, ya san yadda abin yake: wani sauti mai laushi na shimfiɗe a ƙasa ba ya gaba ba ya baya, fiyano na ɗiga ɗaya-ɗaya, can sai saksofon ya leƙo ya yi 'yar busa ya koma. Sai ka ji guda goma ka kasa bambance ta farko da ta tara. Amma kuma a wannan fannin dai, da kayan aiki kusan iri ɗaya, akwai faya-fayan da in ka saka su dole ka ajiye abin da kake yi ka zauna. To me ya raba su? Ni dai a ganina ba tsadar na'ura ba ce, ba kuma ƙwarewar mai busa kaɗai ba, magana ce ta sauraro, wato tsakanin mutumin da na'urar akwai wanda ke jin ɗan'uwansa har ya canza abin da yake yi saboda abin da ya ji, ko kuwa kowa harkar gabansa yake yi an dai haɗa su ne a faifai ɗaya.

Abin da ya sa haɗin ke da wuya shi ne kowanne da halinsa, kuma halayen ba sa jituwa. Jaz tun tasowarsa a New Orleans a farkon ƙarni na 20 kiɗan hira ne, mai ganga ya jefa wani abu, mai fiyano ya cafe, mai busa ya ji su duka ya sauya hanya nan take, ba wanda ya san ainihin abin da zai faru bayan daƙiƙa goma. Kiɗan na'ura kuwa, irin su tekno da haus, ƙarfinsa a maimaici yake, abu ɗaya ya yi ta dawowa daidai wa daida ba ƙari ba ragi har jikinka ya sallama. Shi kuma ambiyent, wato kiɗan nan mai sanyi da ke shimfiɗe yana cika wuri kamar iska, ya ma fi su rigima, don shi ba ya neman hankalinka gaba ɗaya. Brian Eno, wanda ya raɗa wa abin suna da faifansa Music for Airports a 1978, ya bayyana cewa so yake kiɗan ya zama wanda za ka iya sharewa kamar yadda za ka iya nutsuwa a cikinsa. To ka ga mai busan jaz da ya shekara ashirin yana koyon yadda zai kama kunnen mutane kada su motsa, yanzu an ce ya shigo inda ake so a iya mantawa da shi. Ai dole wani ya sauke wani abu.

Rigimar farko a kan lokaci take. Na'urar bugu tana raba zagaye ɗaya na bugu huɗu zuwa gidaje 16, kowane sauti ya faɗa gidansa cif. Mai gangar jaz ba haka yake ba, wannan rangajin da ake ce wa suwing, inda bugu biyu da ke jere ɗaya ke ɗan fin ɗaya tsawo, ba shi da tsayayyen awo, in kiɗan na tafiya a hankali tazarar ta buɗe, in ya ɗau gudu ta matse har bugun biyu su kusa zama daidai, kuma ko a cikin waƙa ɗaya mai bes na iya ɗan yin gaba kaɗan mai busa ya ɗan ja baya da gangan, wannan ja-in-ja ɗin shi ne daɗin. Roger Linn da ya ƙera na'urorin bugu ya saka musu maɓallin suwing, a ɗaya daga cikinsu mai suna MPC kana iya murɗa shi daga kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari, kuma wajen 66 ne yake ba da rangajin da ya fi kama da na jaz. Sai dai in ka saita shi a 66 to a 66 zai zauna har gobe da safe, ko mai busa ya yi kuka ko ya yi dariya. Yin solo, wato mai busa ya fito shi kaɗai yana ƙirƙira nan take, a kan irin wannan bugun kamar ka zauna kana hira da rediyo ne, kai kana ba shi amsa shi kuwa bai ma san kana wurin ba.

Rigima ta biyu ba a cika maganarta ba alhali ita ce ta yanke hukuncin irin jaz ɗin da zai iya shiga wannan haɗi. Jaz na zamanin bibop, na su Charlie Parker, yana gudu ne a kan kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake dannawa lokaci guda, kuma kod ɗin canzawa suke yi da sauri. Yi lissafi mana: in kiɗa na tafiya bugu 240 a minti, bugu huɗu ke nan a daƙiƙa, in kod na canzawa duk bayan bugu biyu to kowane kod rabin daƙiƙa kawai yake rayuwa. Shi kuma ambiyent da amsa-kuwwa yake numfashi, a danna sauti ya yi ta shawagi daƙiƙa shida, takwas, goma kafin ya mutu. Ka ɗora wannan a kan wancan, kod goma sha wani abu za su hau kan juna lokaci guda, abin da zai fito caɓi ne kawai. Shi ya sa ba za ka taɓa jin an ɗauki Giant Steps ta John Coltrane yadda take an zuba mata doguwar amsa-kuwwa ta yi kyau ba. Sai da jaz ya fara rage yawan kod ɗinsa tukuna ƙofar ta buɗe, kuma wannan ya faru tun kafin a san za a yi wani abu wai shi ambiyent. A Kind of Blue na Miles Davis, 1959, waƙar So What gaba ɗayanta a kan matsayi biyu take zaune, a daɗe a ɗaya, a ɗan hau rabin mataki, a dawo. Da zarar ƙasa ta daina motsi a ƙarƙashin mai busa, sauti na iya tsawaita yadda yake so ba tare da ya yi karo da na gaba ba.

Shekara goma bayan nan Miles ɗin dai ya kai abin inda har yau ake komawa. Ran 18 ga Fabrairun 1969 ya tara mutane a situdiyon Columbia a New York: Herbie Hancock da Chick Corea da Joe Zawinul a kan fiyanon lantarki da ogan, John McLaughlin da jita, Wayne Shorter da saksofon, Dave Holland da bes, Tony Williams a kan ganguna. Zawinul ne ya zo da waƙar In a Silent Way da kod ɗinta masu yawa, Miles ya sa aka zubar da su aka bar guda ɗaya, ya kuma ce wa McLaughlin ya kaɗa kamar wanda bai iya jita ba. Tony Williams kuwa, mutumin da aka sani da yi wa ganga kaca-kaca, a gefen farko na faifan kusan ba abin da yake yi sai kaɗa faranti biyun nan da ake takawa da ƙafa, cik-cik-cik-cik, minti goma sha takwas. Wato mutum ne yake aikin na'urar bugu kafin na'urar ta zama ruwan dare.

Amma babban abin bayan kowa ya tafi gida ya faru. Furodusa Teo Macero ya zauna da tef da reza yana yanka yana liƙawa, kuma abin da ya yi a lokacin ya yi kama da rashin kunya: wajen minti shida na ƙarshen gefen farko ba sabon kiɗa ba ne, minti shidan farko ne aka kwafa aka sake mannawa, busa ɗaya, numfashi ɗaya, komai ɗaya. Haka ya yi a gefe na biyu, ya buɗe da sanyayyar waƙar nan ya kuma rufe da ita, ɗauka ɗaya. A kiɗan da ke alfahari da cewa ba a taɓa maimaita abu sau biyu iri ɗaya, wannan babbar magana ce. Kuma abin mamaki in kana saurare ba ka jin an cuce ka, saboda ka biyo ta tsakiyar waƙar, kunnenka ya riga ya canza, sai abu ɗayan ya zo maka da wata fuska. A nan ne situdiyo ya tashi daga wurin ɗaukar abin da aka kaɗa ya koma kayan kiɗa shi kansa. A Bitches Brew da ya fito 1970 Macero ya ƙara gaba, waƙar Pharaoh's Dance kaɗai an ƙirga mata yanka 19, har da guntayen da aka mai da su maimaici. Sai kuma 1974, da Duke Ellington ya rasu, Miles ya yi masa He Loved Him Madly, minti 32, ogan na jan sauti a hankali, jitoci na yawo cikin amsa-kuwwa, a daɗe ba a ji tsayayyen bugu ba. Eno da kansa ya ambaci wannan waƙar da aikin Macero a cikin abubuwan da suka yi masa tasiri wajen faifansa On Land na 1982. Don haka masu cewa an ɗauko ambiyent ne daga waje an liƙa wa jaz, tarihin bai goyi bayansu sosai ba, da jinin jaz a jikin ambiyent tun farko.

Ba kowa ya yi murna ba fa. Marubuci Stanley Crouch ya zargi Miles da sayar da kansa don kasuwa, mai busa turamfet Wynton Marsalis ma ya daɗe yana kallon duk wannan ɓangaren na lantarki a matsayin kauce hanya. Ban yarda da hukuncinsu ba amma tsoronsu ba na banza ba ne, abin da suke gudu shi ne a rasa rangaji da hirar nan, kuma wallahi a faya-fayai da yawa da suka biyo baya an rasa ɗin.

Ta ɓangaren sintasaiza kuwa, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, makaɗin jaz Sun Ra na cikin na farko-farko, Robert Moog ya ba shi aron samfurin sintasaizarsa Minimoog tun kafin ta shiga kasuwa sosai, shi kuma ya mai da ita abin yin ƙara da gurnani irin na sararin samaniya. Paul Bley da Annette Peacock su ma sun hau dandamali da Moog a wajajen wannan lokacin. Herbie Hancock ya ɗauko mai sintasaiza Patrick Gleeson ya saka shi cikin ƙungiyarsa a Crossings, 1972, da Sextant, 1973, kuma abin lura shi ne Gleeson ya zama ɗan ƙungiya ne da ke tafiya wasa da su, yana murɗa wayoyi da maɓallai yana mai da martani kamar kowa. Wannan bambancin, na'ura a hannun wanda ke cikin hirar da na'urar da aka kunna aka bari, shi ne dai zancen har yau.

Mutumin da na fi ganin ya warware matsalar daga tushe shi ne Jon Hassell, mai busa turamfet ɗan Amurka da ya rasu a 2021. Ya yi karatu wajen mai tsara kiɗa Karlheinz Stockhausen a Jamus, sannan ya koyi raga, wato salon waƙar gargajiyar Indiya, wajen Pandit Pran Nath na Indiya, sai ya shiga ƙoƙarin sa turamfet ta riƙa zamewa daga sauti zuwa sauti yadda muryar mawaƙin raga ke yi, ba tsalle-tsalle ba. Ya rage ƙarfin busar har iska ta fi ƙarar yawa, sannan ya bi da ita ta cikin wata na'ura da ke ƙara wa kowane sauti 'yan rakiya a sama ko a ƙasa, ya busa ɗaya ka ji uku suna tafiya tare. In ka saurari Possible Musics da suka yi da Eno a 1980 za ka rasa inda turamfet ta ƙare na'ura ta fara. Dabarar ita ce na'urar ba ta da abin faɗa sai abin da numfashinsa ya ba ta, in ya yi rawa ta yi rawa, in ya shaƙe ta shaƙe, saboda haka ba yadda za a yi ta yi gaba ta bar shi.

Wannan hanyar a ƙasar Norwe ta fi yin 'ya'ya. Kamfanin ECM da Manfred Eicher ya kafa a Munich a 1969 ya riga ya saba wa mutane da jaz mai fili da amsa-kuwwa, sai a 1997 ya fitar da Khmer na Nils Petter Molvær, turamfet a kan bugun na'ura mai nauyi, abin da ba a saba ji daga kamfanin ba. Bugge Wesseltoft na nasa da New Conception of Jazz, Arve Henriksen na busa turamfet har ka rantse sarewa ce. Amma wanda aikinsa ya fi ba ni sha'awa shi ne Jan Bang, don shi ba ya zuwa da sautin da ya tanada daga gida. Yana tsaye a dandamali da na'urar ɗaukar samfur, wato mai cafke guntun sauti ta sake kunna shi, makirfon sauran makaɗan na shigowa wurinsa, mai turamfet ya yi wata 'yar jimla ta daƙiƙa biyu, Bang ya cafke ta, ya rage mata gudu ko ya juya ta baya ko ya sauke ta ƙasa ta yi kauri, ya mayar wa mai ita cikin lasifika, shi kuma mai busan yanzu dole ya amsa wa kansa na daƙiƙa ashirin da suka wuce wanda aka canza wa kama. Ba wanda ya san me za a cafka, shi kansa Bang bai san me za a busa ba. Shi da Erik Honoré suka kafa bikin Punkt a garin Kristiansand a 2005, inda ake gama wasa a babban zaure sai wasu makaɗan su ɗauki abin da aka kaɗa yanzun nan su sake gina shi a gaban jama'a a wani ɗakin. George Lewis, mai busa turombon, shi ya ma bi ta wata hanyar tun shekarun 1980, ya rubuta manhaja mai suna Voyager da ke sauraron mai kiɗa tana yanke shawarar abin da za ta kaɗa, wani lokacin ta bi ka, wani lokacin ta yi nata.

Akwai wata 'yar matsala ta aiki da duk mai yin irin wannan a dandamali ya sani, jinkiri. Sauti ya shiga makirfo, ya bi ta kwamfuta, a sarrafa shi, ya fito, duk wannan na cin lokaci. Sauti a iska yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, wato kusan milisakan uku a kowace mita, don haka jinkirin milisakan goma daidai yake da a ce abokin kiɗanka na tsaye mita uku da wani abu daga gare ka, wannan ba komai. Amma in ya kai talatin ko arba'in mai ganga zai fara jin kamar ana riƙe masa hannu. Ga kiɗan da ke shawagi ba bugu wannan ba damuwa ba ce, shi ya sa ma haɗin jaz da ambiyent ya fi sauƙin yi kai tsaye a kan haɗin jaz da bugu mai gudu. Haka nan wajen haɗa sauti, babbar bes ta katako igiyarta ta ƙasa tana wajen 41 a ma'aunin hertz, daidai unguwar da bugun ƙasa na na'ura da bes ɗin sintasaiza ke zaune, in ba a rage wa ɗaya ba sai su danne juna, kuma galibi ta katakon ce ke shan kashi, a bar ka da ƙarar yatsa a kan igiya ba jikin sautin.

Sai kuma abin ya juyo ta ɗaya gefen, mutane suka koma koyo daga na'ura. J Dilla na Detroit, furodusan hip-hop wanda ya rasu a 2006, ya riƙa kashe abin nan da ke gyara bugu ya faɗa gidansa a MPC ɗinsa, yana danna maɓallan da yatsa, wani bugun ya riga lokaci wani ya makara, abin ya fito yana tangaɗi kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Masu ganga na gaske suka ji suka ce su ma sai sun iya, Questlove ya yi irin wannan a Voodoo na D'Angelo a 2000, Chris Dave ya mai da shi sana'a, yau da wuya ka sami matashin mai gangar jaz a Landan ko Los Angeles da wannan tangaɗin bai shiga hannunsa ba. Jojo Mayer ya zauna ya kwance bugun diram-an-bes, wani kiɗan na'ura mai gudu sosai, da aka yi da yankan samfur ya koya wa hannuwansa. Su kuwa The Necks na Ostareliya, fiyano da bes da ganga kawai, suna hawa dandamali ba tare da sun shirya komai ba su kama 'yar jimla ɗaya su yi ta juya ta kusan awa guda tana canzawa kaɗan-kaɗan, in ka rufe ido sai ka ɗauka maimaicin na'ura ne, alhali ba waya ko ɗaya. Mai ganga Tony Allen da mai kiɗan tekno Jeff Mills ma sun gwada a 2018 a Tomorrow Comes the Harvest, kuma abin da ya sa nasu ya tsaya shi ne Mills da hannu yake kaɗa na'urar bugunsa TR-909 a lokacin, yana bin Allen, bai kunna ta ya naɗe hannu ba.

Faifan da ya sa duniya ta sake waiwayar wannan fanni shi ne Promises, Maris 2021, na Floating Points, wato Sam Shepherd ɗan Ingila mai kiɗan na'ura, da mai busa saksofon Pharoah Sanders da ƙungiyar London Symphony Orchestra. Sanders ya yi kiɗa da John Coltrane tun 1965, an san shi da busa mai tsaga kunne, yana da shekara 80 lokacin da faifan ya fito, ya girmi Shepherd da fiye da shekara 40. Minti 46 ne, kashi tara, kuma kusan dukkansa a kan 'yar jimla ɗaya mai sauti bakwai yake, tana dawowa duk bayan wajen daƙiƙa tara. A takarda wannan shi ne ainihin abin da na ce ba ya aiki, abu na maimaita kansa mutum na busa a kai. To amma saurara da kyau. Jimlar da hannu ake kaɗa ta, kuma kayan da ke ɗauke da ita na sauyawa, yanzu fiyano ya fi fitowa, anjima hafsikod, wani abin kiɗa mai kama da fiyano, anjima wani sauti mai ƙyalli na sintasaiza, sannan tsakanin dawowa da dawowa akwai fili, shiru na gaske, kuma a cikin filin nan Sanders ke shiga. Ba ya cika shi. Wani lokacin sauti uku zai busa ya tsaya, kana jin iska na fita ta gefen bakin saksofon, kana jin ƙarar maɓallan, a kashi na huɗu ma ya ajiye busar ya koma gunguni da baki kamar mai yi wa jariri wasa. Da aka zo kashi na shida masu goge suka taso suka cika ko'ina shi ya riga ya ja gefe. Dattijon ya sauke gudu da ƙarfin da aka san shi da su, saurayin kuma ya sauke cika wuri da na'ura, kowa ya bar wa ɗan'uwansa hanya. Sanders ya rasu a Satumban 2022. A shekarar da Promises ya fito Nala Sinephro ta fitar da Space 1.8 a kamfanin Warp, molon Turawa mai igiyoyi da yawa da sintasaiza mai wayoyi, kuma ita ma ƙarfin nata daga ɗaki ɗaya da makaɗa masu jin juna ya fito.

To me ya sa marasa daɗin suka fi yawa? Kasuwa ce. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta, kuma jerin kiɗan karatu da na barci mutane na barin su a kunne awa da awanni ba wanda ke duba sunan mai kiɗan, abin da ake bukata kawai kada wani abu ya faru da zai sa ka miƙa hannu ka tsallake. Ka ga kuwa an juya maganar Eno, shi ya ce a iya sharewa kuma a iya nutsuwa, kasuwa ta ɗauki rabin farko ta yar da na biyu. 'Yar jarida Liz Pelly ta ba da rahoton yadda ake cika irin waɗannan jerin da kiɗan da wasu kamfanoni ke sa a yi musu da araha ƙarƙashin sunayen da ba kowa a bayansu, kuma jaz da ambiyent na cikin inda abin ya fi yawa. Mai busan da aka ɗauka irin wannan aikin an riga an gaya masa kada ya ba kowa mamaki, alhali mamakin shi ne abin da ya koya. Ko a faya-fayan da suka yi suna akwai masu wannan raunin, Tourist na St Germain da Blue Note ta fitar a 2000 ya sayu sosai kuma yana da daɗin ji, ban musa ba, amma a yawancinsa bugun haus ɗin zai tafi yadda yake ko an cire mai busan ko an bar shi, jaz ɗin ado ne a sama.

Akwai masu cewa to in dai sai an yanka an liƙa, ina nan-take ɗin da ake taƙama da shi, ai an koma gini ne a kwamfuta. Mai ganga Makaya McCraven na Shikago amsa ce mai kyau a kan wannan. Faifansa In the Moment na 2015 daga wasannin kai tsaye ya fito, awanni masu yawa na kiɗan da ba a shirya ba a wani ƙaramin wuri, ya kwashe ya kai gida ya zauna yana zaɓen inda abin ya kama wuta, ya yanko daƙiƙa takwas nan ya maimaita, ya ɗauko wani wurin ya jona. Abin da ya yanko ɗin ya riga ya ƙunshi makaɗa suna jin juna, da kuskurensu da ihun wanda ke zaune kusa da makirfo, maimaicin bai kashe wannan ba, ya ma sa ka ji shi sau huɗu maimakon sau ɗaya. Daga baya kuma sai ya koya wa ƙungiyarsa waƙoƙin da yankan ya haifar, su hau dandamali su kaɗa su da hannu, su sake ɓalle su, wani lokacin a sake ɗauka a sake yankawa. Aikin Macero ne na 1969, sai dai yanzu mai gangar ne da kansa ke riƙe da rezar, kuma tef ɗin ya koma manhaja irin su Ableton Live a kan laftof.